Postville: garin da mayanka ɗaya ta sauya wa fuska

A arewa maso gabashin jihar Iowa ta Amurka, tsakiyar gonakin masara, akwai wani ɗan gari da ake kira Postville. Ƙidayar 1990 ta same shi da mutum 1,472, kusan dukkansu farar fata, jikokin manoman da suka zo daga Jamus da Norway. Shekara goma bayan nan adadin ya tashi zuwa 2,273, kuma mutum ɗaya cikin biyar ɗan asalin Latin Amurka ne. A 2020 an ƙirga 2,503. Wannan kuwa yanki ne da ƙananan garuruwa ke ta tsiyayewa, matasa na kwararowa birane, tsofaffi na rasuwa, makarantu na haɗewa da juna saboda rashin yara. To me ya sa shi wannan yake cika?

Amsar tana bakin gari, cikin wata tsohuwar mayanka da ta daɗe a rufe. A 1987 wani mahauci Bayahude daga unguwar Brooklyn ta New York, Aaron Rubashkin, ya saye ta ya buɗe kamfanin Agriprocessors, inda ake yanka bisa ƙa'idar addinin Yahudawa, abin da suke kira kosher. Sai ga malamansu na Yahudu da masu yankansu sun tare da iyalansu, da dogayen gemuna da baƙaƙen riguna, a garin da mafi yawan mutanensa ba su taɓa zama da Bayahude ba. Amma fiɗa da ɓare ƙashi da wanke jini aiki ne mai cin jiki, kuɗinsa kuma kaɗan, 'ya'yan gari ba sa so. Sai aka fara ganin mutanen Rasha da Yukren, daga baya na Meziko, sannan na Gwatamala da yawa. Mayankar ta zama mafi girma a irinta a duk faɗin ƙasar, garin kuma ya rubuta wa kansa kirari a allon shiga gari, cewa shi mahaifa ce ga duk duniya.

Abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne, a ƙaramin gari jadawalin ƙabilu na ƙidayar jama'a kusan tarihin neman abinci ne. A babban birni mutane na zuwa saboda dalilai dubu. A garin mutum dubu biyu, dalili ɗaya ne ko biyu, kuma za ka iya nuna shi da yatsa. Haka abin ya faru a Storm Lake da ke Iowa ɗin, haka a Lexington da Schuyler na jihar Nebraska, haka a Worthington ta Minnesota: duk inda ka ga ƙauyen manoma ya cika da baƙi, nemi mayanka.

Sai dai jadawalin kansa yana da nasa matsalolin, kuma a nan nake so in daɗe. Ƙidayar 2010 ta ce kashi 77 cikin ɗari na mutanen Postville farare ne, kashi 32 kuma 'yan Latin Amurka. Wanda ya haɗa waɗannan biyun kaɗai zai ga sun wuce ɗari, ya ɗauka an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Takardar ƙidayar Amurka tambaya biyu take yi. Ta farko: kai ɗan asalin ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ne? Ta biyu: wane launi ne kai? Manyan rukunonin launin guda biyar ne tun tsarin 1997: fari, baƙi, ɗan asalin ƙasar na farko, ɗan Asiya, da ɗan tsibiran Pasifik, sannan wani akwati na “wani launin daban”. Mutumin Meziko sai ya amsa ta farko da sauƙi, ya zo ta biyu ya tsaya cak, don babu akwatin da ya yi kama da shi. Wani ya zaɓi fari, wani ya zaɓi “daban”. Shi ya sa a 2020 wannan “daban” ɗin ya zama rukuni na biyu mafi girma a ƙasar baki ɗaya.

Na cike wannan takardar da hannuna a 2020. Na sa alama a akwatin baƙar fata, a ƙasansa kuma akwai ɗan layi da aka bari a rubuta asali, da misalai a gefe: Jamaika, Haiti, Najeriya, Habasha, Somaliya. Na ji daɗin layin nan, domin kafin wannan shekarar babu shi. Amma da aka fitar da taƙaitaccen sakamakon kowane gari, wanda shi ne yawancin mutane ke karantawa, duk mun koma kalma ɗaya. Ni da jikan bayin da aka kawo Amurka shekara ɗari uku da suka wuce, da matar da ta taso a sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab da ke Kenya, duk “baƙi”. Ba na ƙin a haɗa ni da su, 'yan'uwana ne. Amma malamin makarantar da ke son sanin wane tafinta zai nema, wannan kalmar ba ta gaya masa komai ba.

Dubi yadda hakan ke ɓoye Postville. Bayahuden Brooklyn, da manomi jikan Jamusawa mai zuwa cocin Lutheran, da ma'aikacin da ya zo daga Yukren, duk akwatin fari suke. Ƙidayar ba ta tambayar addini, domin dokar 1976 ta hana a tilasta wa mutum ya faɗa. Ke nan rabuwar da ta fi damun garin a shekarun farko, tsakanin Yahudawa da tsofaffin mazauna, har ta kai ga ƙuri'ar raba gardama a 1997 kan shigar da filin mayankar cikin iyakar gari, ko alamarta babu a jadawali. Da yawa daga mutanen Gwatamala kuma 'yan ƙabilun Maya ne daga ƙauyukan kan tudu, waɗanda Sifaniyanci ma yare na biyu ne ga wasunsu, amma an zuba su kwando ɗaya da ɗan birnin Meziko.

Ranar 12 ga Mayu 2008 da hantsi, jami'an shige da fice suka dira a mayankar, jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama. Suka kama mutum 389, yawancinsu 'yan Gwatamala, sauran galibi 'yan Meziko. A lokacin ba a taɓa yin kame mai girman wannan a wurin aiki ɗaya ba a tarihin ƙasar. Aka kwashe su zuwa filin baje kolin shanu da ke garin Waterloo, aka yi musu shari'a rukuni-rukuni cikin 'yan kwanaki. Kusan 300 aka yanke wa hukunci, mafi yawansu wata biyar a kurkuku kafin a kore su. Mata da yara ɗaruruwa suka gudu cocin Katolika na St. Bridget, suna kwana a kan bencina. Wasu iyaye mata an sake su don su kula da 'ya'yansu, amma da na'urar bibiya ɗaure a idon sawu: ba su da izinin aiki, ba su da izinin barin gari. Mutum 389 a New York ba za a ji ɗuriyarsu ba. A Postville kusan mutum ɗaya ne cikin shida, a wuni guda.

Kamfanin ya durƙushe a ƙarshen shekarar. Sholom Rubashkin, ɗan mai kamfanin wanda ke tafiyar da shi, an ɗaure shi shekara 27 a 2010 kan zambar kuɗi, Shugaba Trump ya sassauta masa a Disamba 2017. Bayan kamen an ɗebo ma'aikata har daga tsibiran Palau da ke tekun Pasifik, Somaliyawa ma suka shigo, mayankar ta ci gaba da sabon mai ita da sabon suna, Agri Star. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne binciken masana na Jami'ar Michigan da aka buga a 2017. Sun gano cewa a watannin da suka biyo bayan kamen, haɗarin haihuwar jariri mara cikakken nauyi ya ƙaru da kashi 24 cikin ɗari ga mata 'yan Latin Amurka a duk jihar Iowa, har da waɗanda a Amurka aka haife su. Ga farare kuwa bai motsa ba. Fargaba ta bi jini har cikin mahaifa.

Wannan binciken ne ya sa ba na tare da masu cewa a daina tambayar launi da ƙabila gaba ɗaya, kamar yadda Faransa ke yi. Da takardun haihuwa na Iowa ba su rubuta asalin uwa ba, da babu wanda zai iya nuna wannan cutar. Abin da nake so shi ne a gyara ma'aunin, kuma mai karatu ya san inda yake yoyo. Hukumar ƙidayar da kanta ta ce a 2020 ta tsallake kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan Latin Amurka da kashi 3.3 na baƙaƙe, yayin da ta ƙirga farare fiye da adadinsu. A garin da aka taɓa kwashe mutane daga wurin aiki, wa zai yi gaggawar buɗe wa ma'aikacin gwamnati ƙofa? A 2020 ɗin kuma hukumar ta riƙa ɗan jirkita alƙaluman ƙananan wurare da gangan don kada a gane mutum, abin da ke da hujjarsa, amma ƙananan ƙabilu a ƙananan garuruwa ya fi shafa.

A Maris 2024 gwamnati ta amince da sabon tsari: a haɗe tambayoyin biyu su zama ɗaya, a kuma ba mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka akwatinsu, su da a da ake lissafa su cikin farare. Idan aka yi aiki da shi a 2030, ɗan Gwatamalan Postville zai sa alama sau ɗaya ya wuce, ba sai ya zaɓi launin da ba nasa ba. Alƙaluman farare a garin za su faɗi ƙwarai a takarda, ko da kuwa babu mutum ɗaya da ya tashi daga gidansa, kuma wajibi ne masu ba da labari su bayyana wa mutanen garin dalilin faɗuwar kafin 'yan siyasa su riga su.