Yadda aikin hamada ya koya min haɗa jaka

Shekarar da na fara fita aikin awon ƙasa a hamada a ƙarshen lokacin zafi ne, wajen Agusta zuwa Satumba, kuma tun kafin mu shiga mota ogan tawagarmu ya ce in zazzage jakata a ƙasa ya gani. Na zazzage. Kayan canji kala biyu, caja iri-iri, wani littafi mai kauri, sai gorar ruwa guda ɗaya lita ɗaya da rabi. Bai min faɗa ba wallahi, tambaya kawai ya yi, "awa nawa za mu yi a waje?" na ce tara ko goma, ya ce to ƙanena zauna ka yi lissafi.

Lissafin kuwa ba wuya. Mai aiki cikin irin wannan zafin zai iya zubar da gumi lita 1 ko ma fiye a awa ɗaya, kuma iskar can busasshiya ce, gumin na fitowa yana bushewa, rigarka ba za ta jiƙe ba balle ka farga, sai da yamma ka ga farin gishiri ya kwanta a wuyan riga da inda igiyar jaka ta danne. Sannan lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, in ka ɗau lita 6 ka riga ka goya kilo 6 tun ba ka sa kayan aiki ba. Tun ranar ruwa nake fara sawa, sauran kaya su nemi wuri a abin da ya rage. Bana zuba shi a mazubi ɗaya kuma, gora biyu ko uku, dan in ɗaya ta huje ba shikenan ba, ga jarka daban a mota wadda ba a taɓa ta sai an shiga matsala. Dokar oga ita ce ruwanka na kai rabi ka juya, ko da wurare biyu kawai suka rage maka ka auna.

Gishiri ne abin da ya ɗau min lokaci kafin na gane. Akwai ranar da na sha ruwa sosai amma kaina kaman zai tsage, ƙafata na ɗaurewa, ashe gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba har da gishirin jiki, kuma in ka yi ta ɗura zallan ruwa ba ka ci komai ba shi ma matsala ne. Yanzu ledar ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, ba ta barin aljihun jakata. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1, kar a cika cokalin ya yi tozo.

Sutura kam mai dogon hannu, sakakkiya, mai hasken launi, da hula mai faɗin baki da tabarau. Sai ƙyalle babba guda ɗaya, shi ne rufe hanci in guguwa ta taso, shi ake jiƙawa a ɗora a wuya. Saman yashi da tsakar rana yakan wuce digiri 70, na ga takalmin abokin aikina gam ɗin ya saki tafin ya ɓare muna tsakiyar fili, da salatif mai ƙarfi muka naɗe ya taka har mota. Da safe kuma kakkaɓe takalmi kafin ka sa ƙafa, saboda kunama.

Amma ranar da ta canza min tunani gaba ɗaya ita ce ranar da motarmu ta kafe a yashi wajen ƙarfe 2 na rana. Mun haƙa, mun rage iskar taya, ta ƙi. Na ciro waya na tarar ta kashe kanta saboda zafi, na bar ta a gaban mota rana na dukanta, dama yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki ƙasa da digiri 35, ga shi ko ta kunnu ba sabis. Zuciyata ta ce mu taka mu nemi hanya. Oga ya ce ba inda za mu, mota ta fi mutum sauƙin gani daga nesa, kuma tafiya a wannan lokacin ruwa kawai za ta cinye. Ya ciro tampol da igiya muka ɗaura jikin mota muka yi inuwa, muka shimfiɗa kujerun da muka cire dan kar mu zauna kan ƙasa mai zafi. Tun da safe ya riga ya bar saƙo a masauki, ga inda za mu, ga lokacin dawowa, in an wuce awa kaza a biyo mu. Sai bayan ƙarfe 9 na dare mutanen masaukin suka iso, kuma hasken tocilar goshi suka hango. Duk abubuwan da suka yi mana rana a ranar, tampol ɗin nan, igiya, tocila, jarkar ajiya, abubuwa ne da muka yi sati uku muna jigila ba mu taɓa su ba, ni har cikin raina ina ganin nauyi ne kawai. Daga nan na ƙara usur, ƙaramin madubi, kamfas da taswirar takarda a cikin leda.

Ledar ma da dalili. A ƙarshen zafi wasu hamadun hadari yakan haɗu ba zato, ruwa ya zuba can nesa inda ko gajimare ba ka gani sosai, ƙasar kuma ba ta iya shanye shi da sauri, sai ambaliya ta biyo busasshen rafi da ƙarfi. Shi ya sa ko inuwarsa ta kai me ba ma yada zango a cikin kwari.

Sabon zuwa kuma bana barinsa ya ɗau cikakken aiki a ranakun farko, jiki yana buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Ina yawan jan shi da hira ma da gangan, dan in maganarsa ta fara rikicewa ko ya fara tangaɗi ba gajiya ba ce, inuwa za a kai shi nan take, a kwara masa ruwa a jiki ana masa fifita, a nemi asibiti.