Abin da darasin giyar inabi ya koya mini game da ƙasa da suna

A shekarata ta uku ina karatun sarrafa abinci a nan Maradi, malaminmu ya shigo aji da taswirar Faransa da leda cike da baƙin inabi, ya ce makonni huɗu masu zuwa za mu yi su ne a kan giyar inabi. Ajin ya yi tsit, domin kusan dukanmu Musulmi ne, kuma babu wanda bai san hukuncin giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba. Ni ne na ɗaga hannu na ce, "Malam, abin da ba za mu sha ba, ba za mu yi ba, ba kuma za mu sayar ba, ina amfanin karatunsa?" Ya amsa cewa shi ma bai taɓa kai ta bakinsa ba, kuma ba zai sa kowa ya ɗanɗana ba, amma a cikin amfanin gona na duniya da wuya a samu wanda aka bi diddiginsa a rubuce, tun daga ƙasar da ya tsiro har zuwa hannun mai saye, kamar inabin giya, saboda haka wanda yake son ya gane yadda amfanin gona yake samun daraja ya kamata ya leƙa can. Ban gamsu ba a ranar. Matsayina game da shan giya yana nan inda yake har gobe, amma makonnin nan huɗu sun canza yadda nake kallon buhun gyaɗa da fatar akuya.

Da bakinmu muka fara. Malam ya sa kowa ya matse ƙwayar inabi ɗaya a kan farar takarda, sai muka ga ruwan baƙin inabi ba shi da launi, jan yana cikin ɓawo ne. Daga nan ya bayyana cewa jar giya tana samun launinta ne saboda ana barin ruwan ya kwana da ɓawon har kwanaki ko makonni, fara kuwa ana tace ruwan tun farko, shi ya sa a yankin Shampan na Faransa ake yin farar giya da baƙin inabi irin su Pinot Noir. Sannan ya sa muka tauna ɓawon da ƙwallon cikin, bakinmu ya ɗaure da bauri irin na ɗanyar kanya ko na shayin da ya daɗe a wuta. Sinadarin da ke kawo wannan baurin, wanda ake kira tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita ne, kuma yana daga cikin abin da ke sa wata giyar ta shekara ashirin a kwalba ba ta lalace ba. Sauran aikin na yis ne, wato ƙananan halittun da suke cinye zaƙin inabi su mayar da shi barasa da iska. Mutane sun yi dubban shekaru suna wannan sana'a ba su san mai yin aikin ba, domin a ƙasar Jojiya an tono tulunan yumɓu masu alamar giya da suka kai shekara 8,000, sai a tsakiyar ƙarni na 19 masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya tabbatar cewa halittu masu rai ne suke yinsa. A ranar na fahimci cewa tsamin nono da na kamu da warin daddawa duk aikin ƙananan halittu ne, kowanne da nasa iri, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna sarrafa su da ƙwarya da zafin ɗaki.

Ɗanɗanon giya kuwa a rubuce muka karanta shi, kuma abin da na riƙe shi ne kusan kowace kalma tana komawa ga yanayi. Inda ake sanyi, kamar kwarin Mosel a Jamus da ake noman inabin Riesling a gangaren duwatsu, inabi yana nuna a hankali, tsaminsa yana zama. Inda rana take da ƙarfi zaƙi yana yawa, giyar ta yi nauyi. Gangar katakon itacen ok da ake ajiye giya a ciki, wadda a yankin Bordo na Faransa take ɗaukar lita 225, tana ƙara ƙamshi da bauri. A Sauternes da ke yankin Bordo hazon safiya yana kawo wata fumfuna da take busar da inabi a kan itacensa har zaƙinsa ya taru kamar na zabibi, a Kanada da Jamus kuma akwai masu jira sai inabi ya daskare kafin su tsinke shi. A Mendoza ta Ajantina, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, narkakkiyar ƙanƙarar tsaunukan Andes ce take shayar da gonakin inabin Malbec.

Inda darasin ya kama ni sosai shi ne yankin Burgundi na Faransa. Faransawa suna da kalmar da suke furtawa "teruwar", wadda ta haɗa ƙasa da gangare da ruwa da iska da hannun manomi. A Burgundi kusan iri biyu kawai ake nomawa, Pinot Noir da Chardonnay, amma an yanka gangaren tuddai zuwa filaye 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Fili biyu da hanyar amalanke ce kawai ta raba su suna iya bambanta a farashi ninkin-ba-ninkin. Gonar Romanée-Conti, wadda giyarta take cikin mafi tsada a duniya, ba ta cika hekta biyu ba. Wannan ilimi ya taru ne daga ƙarnukan da limaman Kirista mazauna gidajen ibada suka yi suna noman filayen nan, suna lura da wanda ya fi, na baya suna ɗorawa a kan abin da na gaba suka bari. Da na ji haka sai na tuna kakana, wanda ya san geron jigawar gabas da garinmu ya fi na yamma gardi, ya san fadamar da rogonta yake ɗaci da wadda nata yake dahuwa da wuri. Saninsa na ƙasa bai gaza na manomin Burgundi ba, amma babu wanda ya rubuta, kuma da ya rasu yawancin abin ya bi shi kabari. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ina gidan lokacin da yake faɗa, kuma ina da alƙalami.

Akwai wani hoto da Malam ya nuna mana da ba na mantawa. A tsibirin Lanzarote na Sifaniya ana dasa kowane itacen inabi a cikin rami a baƙin tokar dutse mai aman wuta, a kewaye gefensa da jeren duwatsu mai siffar rabin wata don tare iska da riƙe laima. Wani ɗan ajinmu daga wajen Tawa ya ce wannan ai tassa ce da rabin wata irin wanda ake yi a faƙon garinsu. Gaskiya ya faɗa, dabara ɗaya ce ƙarancin ruwa ya koya wa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Su dai sun mayar da tasu abin alfahari da baƙi suke zuwa kallo, mu kuwa muna ɗaukar tamu aikin wahala na wanda gonarsa ta mutu.

Suna ba ya tsayuwa da kansa sai da doka, kuma tarihin dokar ya fito ne daga bala'i da ha'inci. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filokzera ya shigo Turai daga Amurka ya hallaka gonakin inabi masu yawan gaske. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda masu lambu suke yi wa mangwaro a Jiratawa: a ɗauki reshen inabin Turai a aura shi da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma har yau mafi yawan inabin giya na duniya a kan irin wannan saiwa yake tsaye. A lokacin ƙarancin da ya biyo baya 'yan kasuwa suka cika kasuwa da jabu, suna gauraya kowane irin ruwa suna liƙa masa sunan gari mai daraja. Manoma suka yi ta bore har Faransa ta kafa dokar kare sunan asali a 1935. Fotugal ta riga ta da nisa, domin tun 1756 aka shata iyakar yankin Douro aka kafa duwatsu a bakinta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne dokar ta fi takura wa mai sunan kansa. An ƙayyade masa irin da zai dasa, da yadda zai yi wa itace aski, da iyakar abin da hekta ɗaya za ta bayar, kuma idan ya wuce ya rasa damar sa sunan. Manomi ya yarda ya rage yawan amfaninsa don kada sunan garinsu ya zube, wannan a ganina shi ne abu mafi wuya a duk tsarin, kuma shi ne muka fi rasawa.

Ba na so in nuna kamar tarihin nan fari ne tas. Aljeriya, ƙasar Musulmi, ta taɓa zama wadda ta fi kowace ƙasa fitar da giya a duniya a zamanin mulkin mallaka, a kan filayen da aka ƙwace daga masu su, kuma bayan 'yancin kai a 1962 aka tumɓuke gonaki da yawa. A Afirka ta Kudu, inda aka fara matse inabi a 1659, bayi ne suka yi aikin, daga baya kuma aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da ya bar cuta a gidajensu har jikoki. Wanda ya karanta wannan ba zai ɗauki kwalba mai tsada a matsayin alamar wayewa ba.

Darasi na ƙarshe shi ne ya taɓa ni kai tsaye. Tun 1855 aka jera manyan gidajen giya na Bordo daraja-daraja saboda baje kolin da aka yi a Paris, kuma jerin ya zauna kusan yadda yake. Amma a 1976, a Paris ɗin dai, aka ba ƙwararrun Faransa giya iri-iri da aka ɓoye sunayensu, sai na Kalifoniya ta Amurka suka zo na ɗaya a fara da ja. Malam ya ce mu gwada da namu. Ya kawo kilishi daga wurare huɗu, ya yanka, ya sa wa kowanne lamba. Na shiga da tabbacin cewa zan gane na Tasawa ko idona a rufe, domin da shi na tashi, amma na zaɓi wani dabam, kuma da aka ce in bayyana dalilin zaɓina sai na ga kalma biyu kawai nake da su, daɗi da yaji. Masu giya suna da kalmomi ɗaruruwa da ma'auni da kowa ya yarda da shi. Muka shafe sati muna tattara namu daga bakin mahauta da tsofaffi, irin su gardi da maiƙo da bauri da ƙauri da ƙarni da galmi da salam, muka ga Hausa ba ta rasa kalmomin ba, mu 'yan boko ne muka bar su.

Nijar ta fara bin wannan hanya, domin an yi wa albasar Galmi da kilishi rajistar sunan asali a ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka da ake kira OAPI. Na yi murna da haka, sai dai takarda ba ta hana mai jabu sai masu sana'a sun yarda su sa wa junansu ido. Jar akuyar Maradi kuwa labarinta tsohon darasi ne, domin fatun jajayen awaki na ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare Sahara da ayari, suna isa Turai da sunan fatar Maroko, tun da daga tashoshin can aka ɗora su a jirgi. Mai kiwo da majemi suka yi aikin, sunan ya tafi ga wanda ya riƙe bakin teku.

Yanzu ina aiki da wata ƙungiyar mata masu matse man gyaɗa da tuya ƙuli-ƙuli. Abu na farko da na roƙe su shi ne kada a gauraya gyaɗar kasuwanni dabam-dabam a tuya ɗaya, kuma mu buɗe littafi mu rubuta garin da kowane buhu ya fito, da damanar da aka noma shi, da man da tiya goma ta bayar, da yadda launi da ƙamshi suka kasance. Shugabarsu ta ce mini, "Ɗana, mu ai mun san wannan a ka." Na ce, "Inna, kakana ma ya sani." Ba ta ƙara magana ba, ta kira jikarta mai zuwa makaranta ta ba ta littafin. Damana biyu ke nan muna rubutawa, kuma shafukan sun fara nuna cewa gyaɗar wani ƙauye da ke kudu da mu tana ba da mai fiye da sauran a kowace shekara. A kakar bana matan sun yanke shawarar su matse ta ita kaɗai, su rubuta sunan ƙauyen a jikin kwalba.