Ƴan uwa masu karatun labaran kisa, ga inda na yi kuskure

Ƙannena masu son littattafan bincike da na ban tsoro, bari in gaya muku wani abu da na ɗau shekaru ina yi ban ankara ba. Lokacin da na fara karanta labaran kisan da suka faru da gaske, makashin kawai nake bi, ta ina ya shiga, da me ya yi, ya aka yi ya sulale. Wata rana muna hira da wani abokina kan Jack the Ripper, wanda ya kashe mata a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, ina ta zuba bayani, sai ya ce to faɗi sunan ɗaya daga cikin matan. Wallahi shiru na yi, ko ɗaya ban sani ba. Jikina ya yi sanyi ranar, mutane ne fa da iyaye da ƴaƴa amma ni a kaina lissafi ne kawai.

Littafin da ya gyara min tunani shi ne The Five na Hallie Rubenhold, ya fito 2019. Ba ta ɓata lokaci kan makashin ba sam, rayuwar matan biyar ta bi tun daga haihuwa: Polly Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Sama da shekara ɗari ana cewa duk karuwai ne, ita kuma ta ce uku a cikinsu babu wata hujja kan haka, talauci da mutuwar aure da rashin wurin kwana ne suka jefa su titi. Polly ƴaƴa biyar ta haifa. Elizabeth daga Suwidin ta taso. Da wannan zan so ku fara, don bayan shi ba za ka ƙara iya jure littafin da ya mai da mai kisa gwarzo ba.

Sai I'll Be Gone in the Dark na Michelle McNamara, kan mutumin da ya addabi jihar Kalifoniya yana shiga gidaje cikin dare. Ita marubuciyar ta rasu a 2016 ba ta gama ba, littafin ya fito Fabrairun 2018, wata biyu bayan nan aka kama mutumin ta hanyar gwajin DNA, ashe tsohon ɗan sanda ne, Joseph DeAngelo. Kuskurena a nan da dare na karanta shi ni kaɗai, na yi kusan sati ina tashi ƙarfe biyu ina taɓa sakatar taga, washegari ba na iya komai. Don Allah ku karanta shi da rana.

Wani kuskuren kuma gaggawa. Ina tsakiyar Killers of the Flower Moon na David Grann, na 2017, labarin kashe-kashen ƴan ƙabilar Osage a jihar Oklahoma ta Amurka a shekarun 1920 saboda arzikin mai, sai hannuna ya kai waya na buga sunan Mollie Burkhart, ƴar Osage ɗin da aka kashe wa ƴan uwa a labarin, a Google. Layin farko ya nuna min wanda ke bayan abin. Ba zan faɗa muku ba, amma har yau ina jin zafin abin da na hana kaina. Ku ajiye wayar nesa har sai kun rufe shafin ƙarshe.

In zuciya ta yi nauyi a koma ƙirƙirarren labari. The Thursday Murder Club na Richard Osman, 2020, tsofaffi huɗu ne ke binciken kisa, yana da sauƙin sha. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018, gajere ne, zama biyu ka gama. A ɓangaren tsoro kuma Mexican Gothic na Silvia Moreno-Garcia, 2020, na taɓa ajiye shi don na ga farkon yana jan ƙafa, sai daga baya na koma na gane da gangan take tafiya a hankali, gidan da yarinyar labarin ta je duba ƴar uwarta shi kansa ne abin tsoron. Ku daure ku wuce rabi kafin ku yanke masa hukunci.