Yadda nake nuna lissafin gadon sikila da wake a jaka biyu

Duk wanda ya taɓa zama da masu shirin aure, takardar gwajin jini a hannunsu, ya san maganar da ake yi musu: AS da AS, ɗaya cikin huɗu zai zo da SS, wato sikila. Maganar daidai take, amma da yawa a juye suke tafiya da ita gida. Wasu su ɗauka ɗa na huɗu ne zai zo da sikila, wasu kuma su ce in an haifi ɗaya mai ita, ukun da za su biyo baya sun tsira. Bayani da baki bai cika warware wannan ba. Shi ya sa nake sa mutane su ja wake da hannunsu.

Kayan aikin ba su da yawa: jakar yadi biyu da ba a hango cikinsu, farin wake ƙwaya 40 masu girma ɗaya, maka (alƙalamin tawada mai kaurin baki) ja, takarda da biro. Ƙwaya 20 nake shafa wa ja, in bar 20 farare. Kowace jaka ta samu ja 10 da fari 10. Jaka ɗaya uba ce, ɗaya uwa. Farin wake shi ne A, lafiyayyen nau’in sinadarin jan jini, ja shi ne S, nau’in da ke kawo sikila. Dalilin raba su daidai wa daida shi ne mai AS yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke tsara sinadarin jan jini, ɗaya daga mahaifinsa ɗaya daga mahaifiyarsa, kuma ɗaya kacal zai miƙa wa kowane ɗa, ba da zaɓinsa ba.

Kada a haɗa jan wake na kasuwa da fari. Girmansu da santsinsu sun bambanta, yatsu kuma suna da wayo; kafin a je ko'ina mai ja ya fara gane ja da taɓawa yana kauce masa ba tare da ya sani ba, lissafi ya karkace. Fenti ma yana sauya santsin ƙwaya. Maka ta fi, ko maɓallai iri ɗaya masu launi biyu daga wurin tela.

Namiji ya sa hannu a jakarsa ya zaro ƙwaya ɗaya, mace ta zaro ɗaya daga tata. Wannan ciki ɗaya ke nan. Fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. A rubuta, a mayar da kowace ƙwaya jakarta, a girgiza. Mayarwar nan ita ce zuciyar aikin, kuma ita aka fi mantawa. In aka zaro ja uku ba a mayar ba, saura ja 7 cikin ƙwaya 17, yiwuwar ja ta sauko daga kashi 50 zuwa kusan 41 cikin 100. Jikin ɗan Adam ba haka yake ba. Uban da ya ba ɗansa na fari S bai rage komai daga abin da yake ɗauke da shi ba, kowane ciki da cikakkiyar jaka ake fara shi.

Sai yawan zarowa. In an tsaya a zarowa sau 20, SS zai iya fitowa sau ɗaya, zai iya fitowa sau tara, duka ba abin mamaki ba ne. A zarowa sau 100, galibi yana faɗawa tsakanin 16 da 34. Sai an kai wajen 400, misali a haɗa sakamakon rukuni huɗu, sannan ya matso tsakanin kashi 21 da 29 cikin 100. A nan nake dakatar da su su kalli takardar da kyau: ɗaya cikin huɗu a taro mai yawa yake bayyana, gida ɗaya kuwa ’ya’ya nawa ne a cikinsa?

Daga nan sai in ce a riƙa ja huɗu-huɗu, kowane huɗu iyali guda. A lissafe, cikin iyalai 256 na AS da AS masu ’ya’ya huɗu, 81 ba za su samu SS ko ɗaya ba, 108 za su samu ɗaya, 54 biyu, 12 uku, iyali ɗaya kuma duka huɗun. Wato kusan kashi 32 cikin 100 su tsallake, kusan 68 su samu aƙalla ɗaya. Wannan ne amsar da nake ba dattijon da zai ce mini, “Malam, ai ga maƙwabcina, shi da matarsa duka AS ne, ’ya’yansu huɗu garau.” Sai in ce, “Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara musu lafiya. Suna cikin 81 ɗin nan ne. Amma ga sauran 175 a takarda ɗaya da su.” Labarin maƙwabci bai ƙaryata lissafin ba, lissafin da kansa ya ce za a samu irinsa da yawa. Haka uwar da ta haifi masu sikila biyu a jere: cikinta na uku yana nan a ɗaya cikin huɗu, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Ɓangaren da na fi ba muhimmanci shi ne na sababi, kuma sauya jaka ke nuna shi. Ina kwashe jajaye duka daga jakar uba in cika ta da fari, ya koma AA. A ja har hannu ya gaji, ja da ja ba zai fito ba; rabi AA, rabi AS. In jaka ɗaya duka ja ce ɗaya duka fari, wato SS da AA, kowane ɗa AS ne. In SS ne da AS, rabin ’ya’yan SS. Hanyar gane sababi ke nan: ka cire abin da kake zargi, ka bar sauran yadda suke, ka ga ko sakamakon zai ɓace. Kuma kowa ya gani da idonsa cewa ja ɗaya daga kowace jaka yake zuwa. Ina nanata wannan a gaban dangin miji musamman, domin matan da ake ɗora wa laifin haifar marasa lafiya suna da yawa, alhali ba a samun SS sai uba ya bayar da nasa S ɗin.

Da wannan ma’auni sai a auna sauran abubuwan da ake jingina wa cutar. Sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani suna tayar da ciwon ga wanda yake da shi, don haka mai sikila yake bukatar rigar sanyi, gidan sauro da yawan shan ruwa. Amma yaro mai AA ko ya kwana a waje cikin Janairu ba zai tashi da sikila ba. Abin da ke tayar da ciwo daban, abin da ya kafa shi daban. Auren zumunci ma haka: yana ƙara yiwuwar mutum biyu su kasance sun gaji S daga kaka ɗaya, amma ’yan uwa biyu masu AA ba za su haifi SS ba, bare biyu masu AS kuwa za su iya. Asalin abin ƙanƙani ne ƙwarai. A 1910 likita James Herrick ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a Shikago, a 1956 kuma Vernon Ingram ya nuna cewa sauyi a gurbi ɗaya tak cikin sinadarin jan jini ne ya bambanta S da A.

Akan tambaye ni me ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu. A 1954 Anthony Allison, daga bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro, don haka inda sauro ya yi katutu, masu ɗauke da S suka riƙa rayuwa suna hayayyafa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. In ba a duba jini kafin aure, yiwuwar AS ya haɗu da AS ɗaya ce cikin 16. A ninka da ɗaya cikin huɗu, ya ba da ɗaya cikin 64 na haihuwa. Wanda ya ce komai ƙaddara ce, ba na musu da shi, sai dai in tuna masa cewa bin sababi ba ya warware tawakkali.

Duk wannan lissafi a kan takardar gwaji ya dogara, in ita ta yi kuskure komai ya rushe. Tambaya uku nake yi kafin in yarda da ita. Ko an ƙara wa mutum jini cikin wata uku da suka wuce? Jinin wani zai iya sa mai SS ya fito kamar AS. Wane irin gwaji aka yi? Gwajin gaggawa na duba lanƙwashewar ƙwayoyin jini yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS, kuma ba ya ganin C, wani nau’in sinadarin dabam da A da S. Wanda ake bukata shi ne mai ware nau’o’in sinadarin ɗaya bayan ɗaya. Na uku, an maimaita a wani ɗakin gwaji dabam? Musayar kwalabe da kuskuren rubutu suna faruwa. Batun C kuwa ya fi shafar ’yan uwanmu mazauna Gana da Burkina Faso, inda ya fi yawa: AS da AC suna da ɗaya cikin huɗu na haifar SC, wadda ita ma nau’in sikila ce. Don nuna ta, sai a shafa wa wake 10 na jaka ɗaya shuɗi a madadin ja, a sake ja daga farko.