Alamein, inda man fetur ya yanke wa Rommel

Shekaranjiya na dawo Alƙahira daga Alamein, kuma har yanzu yashin wurin bai gama fita daga takalmina ba. Daga Iskandariyya tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce zuwa yamma. Direba ya nemi ninka mini kuɗin mota da ya ji Larabcina na baƙo ne, har sai da wani dattijo ya tsawata masa, tamkar a tashar Kano.

A gidan tarihin soja na fi daɗewa a gaban taswira, domin ƙuncin fagen da sojojin Ingila suka gwabza da na Jamus da Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu ya ba ni mamaki. Tsakanin teku da kwarin Ƙaɗɗara, wanda manyan motoci ba sa iya ratsawa, kimanin kilomita 60 ne kawai, shi ya sa Rommel, kwamandan sojojin Jamus, bai samu hanyar zagayo abokan gaba ta baya kamar yadda ya saba ba. Bayan ya karɓe Tobruk, tashar jiragen ruwa a Libiya, a watan Yunin 1942, ya zaɓi ya kutsa Masar maimakon ya jira a kama tsibirin Malta, inda jiragen Ingila ke tasowa suna nutsar da jiragen ruwan da ke kawo masa mai. A ganina nan ya yi gaggawa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san mota kan shanye wani kaso na man da ta ɗauko, balle motocinsa da ke tasowa tun daga Bingazi da Tarabulus.

Montgomery, kwamandan sojojin Ingila, kuwa ya ƙi motsawa sai da kayansa suka taru, sannan ya kai farmaki daren 23 ga Oktoba, lokacin Rommel yana jinya a Turai. Ranar 3 ga Nuwamba Hitler ya umarce shi kada ya ja da baya ko taki ɗaya. Rommel ya dakata, washegari ya janye, aka bar ɗimbin sojojin Italiya a ƙasa babu mota. Na shaida wa mai gadin ɗakin cewa wasu jiragen saman Ingila ta Kano da Maiduguri suka biyo daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar, ya yi murmushi kawai, alamar bai yarda ba.

Maƙabartar sojojin Ingila da ƙawayenta na da kaburbura sama da 7,000, a share tsaf. Ruwan gora a bakin hanya ya yi tsada ƙwarai, amma wani Balaraben ƙauye ya ba ni shayi kofi uku, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.