Asabar a Atina: Albasa da Littafin Rubutu

Yau wata uku cif da zuwana Girka. Na fito daga unguwar Kifseli ta birnin Atina da hantsi, na ratsa lambun Pedion tu Areos, na haura titin Kalidromiyu da ke unguwar Eksarhiya. Duk Asabar ana rufe titin a ci kasuwa, laiki suke ce mata, tamkar kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, sai dai ita a tsakiyar birni take. Aikina shi ne jan keken kaya a bayan dattijuwar da ke riƙe da kicin ɗin unguwa na ciyar da jama'a, inda nake bincike. Ba ma zuwa da wuri. Sai wajen ƙarfe biyu, kasuwa ta fara watsewa, masu tebur su tura mana tumatirin da ya yi laushi da albasar da ba za ta kai wata Asabar ba.

Abin da ya kawo ni shi ne nazarin ƙungiyoyin farar hula, ta hanyar zama da mutane a ga yadda suke yi. A takarda abin da daɗin faɗi. Da muka koma kicin na ciro littafina, sai ta rufe shi da bayan wuƙa, ta turo mini buhun albasa. "Pedi mu," wato ɗana, "a nan hannu ake fara ba mu, rubutu daga baya."

Ina yanka ina hawaye na yi katoɓara. Da gurguwar Girkancina na ce, "Kiriya," wato uwargida, "wannan filantropiya taku ta burge ni." Ta ajiye wuƙa. Ta ce coci da masu kuɗi ke yin filantropiya, su alilengi suke yi. Ta farkon sadaka ce, mai hannun sama da mai hannun ƙasa. Ta biyun tsayawa juna ce. Ko sunan MKO, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu masu ofis da albashi, ba ta son ji.

Daga nan ta ɓalle da labari, ni kuwa ba halin rubutu. Yadda a 2010 gwamnati ta karɓi bashin Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu, aka zaftare albashi da fansho. Yadda a 2013 rashin aiki ya haura kashi 27 cikin ɗari, a matasa ma fiye da rabi. Wanda ya daɗe ba aiki inshorar lafiyarsa ta tafi, shi ya sa likitoci suka buɗe asibitocin kyauta, irin na unguwar Eliniko da aka fara a 2011. A 2012 kuma manoma suka riƙa kawo dankali cikin mota suna sayar wa jama'a kai tsaye, ba dillali. Duk na karanta wannan kafin in zo. Abin da ban karanta ba shi ne ita kanta ta fara shigowa kicin ɗin ne da kwanon cin abinci, shekarar da fanshon mijinta ya kasa biyan wuta.

Da farko na ɗauka wasa da kalmomi ne kawai, ai ciki bai san sunan abin da aka zuba masa ba. Amma da fasolada ta nuna, miyar wakensu, sai na lura ba layi, ba kanta. Wani tsoho mai tsohuwar kwat da aka goge tsaf, wanda na tabbata yunwa ce ta kawo shi, shi ya ɗanɗana tukunya ya ce gishiri bai ji ba, aka kuma ƙara. Ita ma ta zauna ta ci a kwano irin nasa. Sai na tuna aikin gayya a garinmu, yau gonarka gobe tawa, da ciyayyar da Inna ke aika ni kaiwa maƙwabta, ba wanda ke jin an yi masa alfarma.

Sai dai gayya tana yiwuwa ne in kowa na da gona. Da yamma aka zauna taron da suke kira sinelefsi, kan ko za a karɓi kuɗin da wata gidauniya ta yi tayi. Ba shugaba, ba ƙuri'a, sai kowa ya yarda. Awa uku ana abu ɗaya cikin hayaƙin taba. Samari biyu 'yan Afganistan da suka wanke duk tukwanen suna zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya hana su magana, ba kuma wanda ya fassara musu. Wannan na rubuta shi a tafin hannu don kada ya shige.

Takardar neman izini da jami'armu ta ce dole kowa ya sa wa hannu tana nan a jaka. Na nuna mata, ta juya ta gaba da baya, ta ce ita ta gaji da sa hannu tun zamanin bashi, in kawo ta taro a tattauna. An sa ni a jerin batutuwan Asabar mai zuwa, bayan maganar gyaran firji.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Shafi shida na cika daga ka, kuma littafin duk warin albasa yake.