Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Karatun Autanmu

Alhamdulillahi Rabbil Alamin. An gama. Auta ya yi rajista, an ba shi lambar ɗalibi, ya fara shiga aji a sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Tun ranar na so in rubuto, amma gajiya ta kwantar da ni. Sai yau na iya riƙe waya ba tare da gabana ya faɗi ba.

Kun san yadda muka sha tun bayan rasuwar Baba, ba sai na maimaita ba. Yaron ya ci kwalifayin, jarrabawar tantancewa ta jiha, gwamnatin jiha ta biya masa NECO, ya ci JAMB, aka ba shi gurbi. A nan ne fa hanya ta tsuke. An rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun jiha tun 2023, mun gode Allah, amma ga gidan da keken ɗinki ɗaya ke ciyar da shi, rabin ma dutse ne. Ga kuɗin mota daga Kurna kullum, wanda tun da aka cire tallafin mai ya zama wani abu daban.

Daren da ba zan manta ba shi ne wanda ya shigo bayan isha'i, ya ajiye makullin adaidaita sahu a kan keken ɗinkina. Ya ce, "Yaya, na samo wanda zai ba ni balans. Ki bar wahalar da kanki, karatun nan a bari sai wata shekara." Bai ɗago ya kalle ni ba. Shekararsa 18. Ni kuwa na san wata shekarar nan ba ta zuwa. Yara nawa ne a layinmu suka ce haka, yanzu suna dako a Kantin Kwari ko suna tare masu sayen waya a bakin kasuwar Farm Centre, takardunsu na cikin akwati? Sana'a ba abin kunya ba ce, Baba ma da guminsa ya rene mu. Amma yaron da ya kai bakin ƙofa ya juya don kuɗi kawai, wannan ciwo ne. Umma tana ɗaki tana jin mu, ba ta ce komai ba, sai jan carbi.

Da asuba Inna mai ƙosai ta bakin masallaci ta yi sallama. Ta hana ni faɗa, na san kuma za ta yi mini faɗa in an karanta mata, amma wallahi ba zan iya rufe wannan ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin leda: 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, duk sun yi laushi, suna ƙamshin man suya. Kwasar adashinta ce. Roƙa ta yi a musanya mata da wata don ta kwasa da wuri, kuɗin da ta yi niyyar sayen buhun wake da su. Na ce, "Inna, jarinki ne fa." Ta ce, "Ke 'yar nan, karɓi. Ubanku ya sha ba ni gawayi bashi bai taɓa aiko mini ba. Ki ce wa yaron ya mayar da makullin mutane." Ta juya ta koma kan kaskonta. Na tsaya a zaure na kasa ko da cewa na gode.

Inna, Allah Ya gina miki gida a Aljanna. Allah Ya sa ki ga ranar 'ya'yanki da jikokinki, Ya kai ki ɗakinSa, Ya sa kada ki taɓa miƙa hannu ga wani sai Shi. Allah Ya sa albarka a kaskon nan har ƙarshen rayuwarki.

Malamin lissafinsa na sakandare, wanda ya saya masa fom ɗin JAMB daga albashinsa, Allah Ya yi wa zuri'arka abin da ka yi wa maraya. Liman da ya yi sanarwa bayan sallar magariba ba tare da ya kama sunan gidanmu ba, Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira. Matan da nake wa ɗinki da suka biya kuɗin kayan salla tun kafin in yanka yadi, da mai kafe da ya zauna da mu har dare lokacin da intanet ke yankewa bai karɓi ko sisi ba, da ku da kuka turo dubu ɗaya, dubu biyu, wasu ma ban san fuskarsu ba: Allah Ya ninka muku, Ya yaye muku damuwa, Ya jiƙan magabatanku, Ya haskaka kabarinsu tare da na Baba.

Dangin da suka yi alkawari ranar sadakar uku, muna nan, lambar ba ta canja ba. Wataƙila kowa da abin da ya sha masa kai. Zumunci dai ba za mu yanke ba.

Masu tambaya yadda za a ci gaba: tunda ya samu lamba, ya cike neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024. Babu ruwa a ciki, suna biyan kuɗin makaranta, suna kuma ba da naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, sai an yi shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Duk mai yaro a makarantar gaba da sakandare ta gwamnati ya tanadi NIN da BVN da lambar JAMB da takardar samun gurbi, kada a bari sai an ƙure. Ranakun Asabar da Lahadi kuma zai riƙa bin wani mai haɗa sola a unguwa, ya koyi aikin hannu ya samu na mota.

Don Allah a dakata da turo kuɗi. Abin da ya rage na miƙa wa Liman, akwai wata yarinya a bayan layinmu da kuɗin jarrabawa ya tsayar. Wanda ke da niyya ya same shi bayan kowace salla.